Takunkumi a Wuya

Duk faɗin masana'antar manjan nan babu wanda bai taɓa shan bakin Araba Bentum ba. Madam Sefti ake kiranta, ita kamfani ya ɗora wa kula da lafiyar ma'aikata, kuma in ta hango mutum ya cire hular kwano ya kife a gwiwa yana cin dokunu, tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, daga can nesa zai ji sunansa har da na ubansa. Ba ta raga wa direbobin tarakta masu kawo kwakwar manja daga gona, ba ta raga wa injiniyoyi. Manaja ma, Mista Essel, ta taɓa mayar da shi mota ya sako takalmin aiki a gaban baƙinsa. Ana jin haushinta sosai, amma ko masu zaginta a bayan ido sun yarda cewa tun da ta zo ba a sake kai kowa asibiti da guntulen yatsa ba.

Abin da babu wanda ya sani shi ne Madam Sefti ba ta iya numfashi a cikin takunkumin iska.

Maganar ta samo asali ne daga kwas ɗin da aka tura ta Takoradi, na koyon aiki a wuraren da iska ba ta zagayawa, irin su tankuna da rijiyoyi da cikin manyan bututai. A aji kam ta yi zarra. Ta san iskar gubar da ke tashi sama da wadda ke kwanciya a ƙasa, ta san mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke kashe hancin mutum ya daina jin warin ya ɗauka ta wuce. Ranar ƙarshe aka fitar da su fili inda aka ajiye wata tsohuwar kwantena da aka yi wa lunguna da ramuka a ciki. Aka goya wa kowa tukunyar iska, aka ce a sa takunkumi a shiga ta nan a ɓulla ta can. Araba na jan robar nan ta rufe fuskarta sai ta ji kamar an danna mata matashi. Ƙirjinta ya ƙulle, idonta ya yi duhu, ta fizge abin ta durƙusa tana haki.

Malamin nasu wani tsohon ɗan kwana-kwana ne mai son a tashi da wuri. Ya dube ta, ya dubi sauran da ke jira a rana.

"Haba Madam, ke da kika fi kowa maki? Bar shi kawai. Ai ke ofis za ki zauna, ƙarti ne za su shiga rami. In kin koma kya gwada a hankali."

Ta koma gindin wata bishiya ta zauna, ta juya wa kwantenar baya saboda kunya, tana jin ihun 'yan ajinsu da ƙarar ƙarfe a ciki, ba ta waiwaya ba har aka gama. Da yamma aka miƙa mata takardar shaida iri ɗaya da ta kowa, aka tafa mata fiye da kowa. Mutumin nan tausayinta ya ji, shi a ganinsa alheri ya yi. Allah ya raba mu da irin wannan alherin.

Da ta dawo sai ta tarar da wata al'ada da ta zo mata daidai. Tukwanen iska biyu kamfani ke da su, kuma in aka zuƙe su sai an kai Takoradi a cika, da tsada, da jira. Don haka tun kafin zuwanta Mista Essel ya kafa doka cewa ranar atisaye ba a buɗe iska.

"Wannan iskar ta kanti ce, ba ta Allah ba," haka yake cewa, yana dariyar maganarsa tun kafin kowa ya yi.

To ga yadda ake atisayen. A buga ƙararrawa, masu ceto su goya tukunya, su rataya takunkumi a wuya, su sheƙa a guje su ƙetare filin da ake zube kwakwa, su ɗauki wanda ya kwanta a ƙasa su ɗora a gadon ɗaukar majinyaci, a ɗauki hoto don masu zuwa bincike. A fili ake yi saboda tankuna kullum cike suke, wa zai tsayar da aiki don wasan kwaikwayo? Araba da take tayar da jijiyar wuya a kan safar hannu, a kan wannan ko tari ba ta yi ba. Ita ma haka take goya tata ta rataya takunkumin a wuya, ta tsaya tana ba da umarni.

Ba wai abin bai dame ta ba. Ya dame ta ƙwarai. Takan shiga sito da tsakar rana in kowa ya tafi cin abinci, ta kulle ƙofa, ta ɗauki takunkumin ta kai fuska, kafin ta ja maɗaurin baya sai ta fasa, ta ajiye. Ta je ta sami Mista Essel ta ce tana son a sake tura ta kwas ɗin, ita da masu ceton duka.

"Kwas kuma? Wanda kika cinye da maki?"

"Ana sabuntawa, yallaɓai. Hannu yana mantuwa."

"Ki bari kwakwa ta ja baya. Yanzu ko kare ba zan ba hutu ba."

Ta fito daga ofishin tana jin sanyi a ranta, ta kuma ji haushin kanta da jin sanyin. Gaskiyar da ya kamata ta faɗa masa tana nan a bakinta, ta haɗiye. In ta ce ba ta taɓa shiga kwantenar nan ba, da wane ido za ta sake tsayar da wani a kan hular kwano?

Masu wanke tanki kuwa shugabansu Egya Nyarko ne, dattijo gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ya girmi injinan masana'antar da yawa. Shi ya ɗauko Ekow, ɗan yayarsa, daga ƙauyensu na bakin teku ya samar masa aikin. A nan ɗan 'yar'uwarka shi ne magajinka, nauyinsa a wuyanka ya fi na ɗan cikinka, kuma in wani abu ya same shi kai dangi za su tambaya. Ekow magidanci ne da matarsa da 'yarsa, amma bakinsa na yara ne, shi kaɗai ke iya tsokanar Madam Sefti ya kwana lafiya.

"Madam, wannan sarƙar wuyan taki ko amarya ba ta sa irinta ba," ya ce da ita ranar wani atisaye, yana nuna takunkumin. "Yaushe za a kai ta fuska mu ga ko ta yi miki kyau?"

"Ranar da ka koyi ɗaure igiyar takalminka."

"Ashe ba rana."

Aka yi dariya. Ita ma ta yi.

A ranar ne ta tara su a inuwar rumfar tarakta ta maimaita musu dokar da ta fi kowace muhimmanci a wajenta. In mutum ya faɗi a cikin tanki, ba mai binsa. Ta gaya musu yadda masu ceto da yawa ke mutuwa a kan wanda suka je ɗaukowa, na farko ya faɗi, na biyu ya bi shi, na uku ya bi na biyu, a wayi gari ana jera gawa.

Egya Nyarko ya tofar da ɗan itacen da yake taunawa.

"Madam, ki yi mini bayani yadda zan gane. Ekow ya faɗi a ƙasa, ni ina sama, sai in naɗe hannu ina kallo?"

"Sai ka buga ƙararrawa ka ja igiya, Baba."

"In igiya ba ta jawo shi ba fa?"

"Ka tsaya a inda kake."

"In koma gida in ce wa uwarsa me? In ce Madam ta ce in tsaya?"

"Ka ce mata mai tukunyar iska ta shiga. Ni zan shiga, Baba. Aikina ne, shi aka koya mini."

Ya dube ta, ya gyaɗa kai. Ekow ya ce shi dai in an tashi ceto a turo masa Madam da kwanon fufu, aka watse ana dariya.

Kwakwa ba ta ja baya ba, sai ma ƙaruwa da ta yi, har tankin da ake tara dagwalon manja ya cushe, ya zama dole a wanke shi. Aka zuƙe abin da zai zuƙu, aka bar shi ya huce, aka saka fanka ta kwana tana hura iska ciki. Da safe Araba ta hau saman tankin da kanta. A yi mata adalci, babu abin da ta tsallake. Ta zura na'urar gwada iska da igiya, ta gwada sama, ta gwada tsakiya, ta gwada ƙasa, ta sake. Ta duba ɗamarar tsaron da ke jikin Ekow ta ja kowane maɗauri, ta maƙala masa ƙaramar na'ura mai ƙara a ƙirji, ta kama ƙugiyar igiyar ceto a bayansa. Tukwanen iska biyu suna ajiye a gefe.

"Kawu, in na daɗe ka ajiye mini kifina, na san halinka," Ekow ya ce, ya zura ƙafafunsa a bakin tankin, wanda faɗinsa bai wuce faifai babba ba, ya bi tsani ya sauka da shebur.

A ƙasan tankin akwai bututan tururi da suka naɗe kamar hanji, kuma igiya tana yawan sarƙewa a cikinsu. Masu wanki sun saba, in sun sauka suka matsa inda ba a hango su, sai su cire ƙugiyar su maƙala a tsani su yi aikinsu a sake. Kowa a cikinsu ya sani, ba wanda ya taɓa gaya wa Madam. Ita kuwa da ba ta taɓa sauka ba, ina za ta sani?

Ana jin ƙarar shebur, ana jin Ekow yana waƙar masunta. Dagwalon ya yi ɓawo a sama, ƙarƙashinsa kuma ya daɗe yana ruɓewa. Da shebur ya fasa wani wuri mai kauri, abin da ke kwance a ciki ya taso. Na'urar ƙirjinsa ta fara tsuwa. Waƙar ta yanke, aka ji shebur ya faɗi a kan ƙarfe.

"Ekow," Egya Nyarko ya kira. "Kai Ekow."

Ya ja igiya da ƙarfinsa duka, ta ƙi tasowa, ya leƙa da fitila ya ga ƙugiyar a maƙale a tsani. Can gefe, bayan bututan, ga ƙafafun Ekow a miƙe.

Araba ta buga ƙararrawa. Kafin ta juyo dattijon ya riga ya zura ƙafa ɗaya. Ta yi tsalle ta cafki ɗamararsa ta baya, ta ja shi suka zube tare a kan rufin tankin.

"Ku riƙe shi," ta ce wa ƙartin biyu da ke wurin. "Ku danne shi. Duk wanda ya sake shi, shi ya kashe shi."

Suka danne shi. Tsohon nan ya yi ta fizga kamar ragon da aka kayar, yana zaginta, yana zagin uwar da ta haife ta, yana kiran sunan yayarsa. Ya ciji ɗaya a hannu har jini ya fito.

"Ki sake ni, 'yar banza. Jinina ne a ciki."

"Baba, ka dube ni. Ni zan shiga. Na iya."

Masu ceton da ta horar sun iso a guje, suka tsaya cirko-cirko. Ɗaya ya ɗauki tukunya ta biyu yana juya ta yana neman inda ake buɗewa. Ta dube shi ta gane babu abin da zai iya, kuma ita ta mayar da shi haka. Ta goya tata, ta ja maɗaurai, ta murɗa kan tukunyar. Ta ɗauki takunkumin. Kamar kullum, ƙirjinta ya fara ƙullewa tun kafin robar ta taɓa ta. Ta rufe ido ta danna shi a fuska ta ja maɗaurin baya. Duhun nan ya taso mata, ta ji za ta mutu, ta ce to ta mutu ɗin. Ta ja numfashi. Iska mai sanyi ta shigo da ƙara, ta sake ja, ta sake shigowa. Ashe iyakar abin ke nan. Abin da ya hana ta sakat tun daga Takoradi, ga shi ta yi shi a tsaye a gaban mutane.

Ta zauna a bakin tankin ta zura ƙafafu, ta sami tsani, ƙugunta ya wuce. Sai ta ji ƙwal, ta tsaya cak. Gindin tukunyar da ke bayanta ya daki bakin ƙarfen.

Ta karkata dama, ya ƙi. Ta karkata hagu, ya ƙi. Ta matse cikinta ta manne da gaban ramin, wani ya sa hannu yana danna tukunyar daga sama, ƙarfe yana kuka a kan ƙarfe. Mutum da tukunya a goye ba ya wucewa ta wannan bakin, ko da ramammen yaro ne. Akwai yadda ake yi, kuma shi aka koyar a cikin kwantenar nan lokacin da take zaune a gindin bishiya ta juya baya. Ba a rubuta shi a takardun da ta haddace ba, don abu ne na hannu.

Ta fito. Ta sake gwadawa ta ɗaya gefen, kai ka ce ramin zai canja ra'ayi. Ta sake fitowa. Mutane sun cika ƙasan tankin suna kallon sama, wata mai sayar da abinci ta ɗora hannu a ka tana kiran Yesu. Daga ciki na'urar Ekow tana ta tsuwa ba ta fasa ba.

Sai can dabara ta zo mata, ta kwance maɗauran ta sauke tukunyar daga bayanta. Garin saukewa tiyon ya ja takunkumin ya goce daga fuskarta, dole ta tsaya ta gyara shi ta sake ɗaurewa. Ta rungumi tukunyar a ƙirji ta gwada shiga, hannu ɗaya ba ya riƙe tsani da nauyin nan. Ta ɗaga kai tana neman wanda zai riƙe mata.

Egya Nyarko ne ya karɓa. Ya daina fizga tun ɗazu, ƙartin sun sake shi ba su ma sani ba. Ya ɗaura wa tukunyar igiya, ya jira ta shige, ya zura ta a saman kanta yana sassautawa daidai da saukarta, don kada tiyon ya ja. Fuskarsa ce kawai a bakin ramin, yana kallonta tana sauka.

A ƙasa ta mayar da tukunyar baya, ta taka dagwalon da ya kai mata idon sawu, ta tsallake bututan. Ekow yana kife, rabin fuskarsa a cikin laka. Ta juya shi, ta share masa baki da hanci da hannunta, ta jawo shi har gindin tsani, ta ciro ƙugiyar ta maƙala masa, ta buga tsanin da ƙarfi. Suka ja shi sama yana lilo.

A kan rufin tankin ta cire takunkumin ta durƙusa a kansa. Wannan kam ta iya, ta yi shi a kan mutum-mutumin roba ba adadi. Ta danna ƙirji, ta hura, ta danna, gumi da manja suna zuba daga haɓarta. Ba ta tsaya ba har motar asibiti ta zo, ba ta tsaya ba a cikin motar, sai da likita ya kama hannunta ya ce ya isa haka, rai ya yi halinsa.

Kafin azahar labari ya gama masana'anta, kuma labarin da ya zaga shi ne Madam Sefti ta hana tsoho kashe kansa, ta shiga ramin guba ita kaɗai ta ɗauko Ekow. Waɗanda ke ƙasa ba su ga abin da ya faru a bakin tankin da kyau ba, waɗanda ke sama kuma sun ɗauka haka ake yi. Direbobin da ke zaginta suka riƙa cire hula in ta wuce, yau ba ta ce su mayar ba. Mista Essel ya kama hannunta da hannu biyu, idonsa ya yi ja, ya ce da ba don horon da kamfani ya ba ta ba, da gawa uku ake magana. Ya ce zai rubuta wa manya a Accra a karrama ta. Ta tsaya tana kallon bakinsa yana motsi.

Da la'asar Egya Nyarko ya zo ƙofar ofishinta. Ya yi wanka ya ɗaura baƙin zane a kafaɗa.

"Zan je in gaya wa uwarsa. Ke kika taɓa shi ƙarshe, ya kamata ki zo."

Aka ba su akori-kurar kamfani. Direba da wani dattijon coci suka zauna gaba, su biyu suka hau baya suka jingina da ƙarfe. Motar ta bi ta cikin gonakin kwakwa, ta hau kwalta, ta sauka hanyar bakin teku. Da suka yi nisa Egya Nyarko ya juyo wajenta.

"Madam."

"Na'am, Baba."

"Da kika riƙe ni, kin yi daidai. Da na shiga da yanzu ina kwance kusa da shi. Zagin da na yi miki, ki yafe."

"Ba komai, Baba."

"Ban gama ba." Ya gyara zanensa. "Na ga yadda kika yi a bakin ramin nan. Na yi shekaru ina koya wa sababbi aiki, na san hannun da ya taɓa yin abu da wanda bai taɓa ba. Yau ne farkonki?"

Ta so ta ce bakin tankin ne ya yi ƙanƙanta. Ta so ta ce Ekow ne ya cire ƙugiya, ta ce Mista Essel ne ya hana buɗe iska, kuma duk gaskiya ne. Ta dubi hannuwanta da har yanzu manja ke maƙale a ƙarƙashin farce.

"Yau ne."

"A can makarantar ba su koya muku ba?"

"Sun koyar. Ni ce ban shiga ba. Tsoro na ji, suka bar ni."

"Da kin wuce kai tsaye, da an same shi da rai?"

"Ban sani ba, Baba. Wataƙila. Likita ma ba zai iya cewa ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Hawaye suna bin fuskarsa, bai share ba.

"Kika dube ni kika ce kin iya. Ni kuma na yarda, na daina fizga na kwanta."

Ya juya ya dubi teku, ya ci gaba.

"Gobe ki je ki gaya wa Essel. Ki gaya wa na Accra, ki gaya wa duk wanda ya kamata ya ji, su yi miki abin da za su yi. Ni ma zan faɗi maganar ƙugiya, don na san suna cirewa, ni na koya musu. Amma yayata ba za ki gaya mata ba. Ba don ke ba. Tsohuwa ce, ki bar ta da cewa an yi wa ɗanta duk abin da ake yi."

Ƙauyen ya riga ya ji. Tun daga bakin hanya ake jin kukan mata, an jera kujerun roba a ƙofar gidan, kwale-kwale duk suna kan yashi ba wanda ya fita. Duk da haka aka bi ƙa'ida. Suka zaga suka gaisa da kowa daga dama, aka zaunar da su, aka kawo ruwa suka kurɓa, sannan wani tsoho ya miƙe ya tambaye su abin da ke tafe da su, kamar ba a sani ba. Egya Nyarko ya tashi ya sauke zanensa daga kafaɗa ya faɗa. Kukan ya sake tashi sabo.

Maame Tawiah, uwar Ekow, tana zaune a tabarma an riƙe ta ta kowane gefe. Matar Ekow tana bayanta da yarinya a cinya, ita ko kukan ba ta yi, ta zuba wa bango ido. Tsohuwar ta ɗaga kai ta ce ina matar. Aka nuna mata Araba. Ta ture masu riƙe da ita, ta rarrafo a kan gwiwa har gaban kujerar, ta rungume ƙafafun Araba ta kifa fuska a kansu.

"Mama, don Allah ki tashi."

"Bar ni, 'yata. An gaya mini komai. Maza suna tsaye, ke mace kika shiga. Kin riƙe mini ƙanena, da biyu zan binne. Ubangiji ya biya ki, ya biya uwar da ta haife ki."

Araba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kama kafaɗun tsohuwar tana son ɗaga ta, tsohuwar ta ƙi.

"Abu ɗaya nake so in ji daga bakinki. Bai daɗe a ciki shi kaɗai ba ko? Yaron nan tun yana ƙarami ba ya son duhu. Kin isa wurinsa da wuri?"

Araba ta ɗaga ido ta nemi Egya Nyarko. Yana tsaye a jikin ginshiƙin rumfa, ya sunkuyar da kai.

"Da wuri ta isa, Yaya," ya ce. "Ina wurin."

Maame Tawiah ta sauke ajiyar zuciya, ta shafa ƙafafun Araba kamar mai lallashin jariri.

"To na gode wa Allah. Ranar jana'iza ba cikin baƙi za ki zauna ba, cikinmu za ki zauna, kusa da ni. Zan aika miki da zanen dangi ki ɗinka. Kin ji, 'yata?"

Araba ta ce to.